Gizo, Auta da yaron Aboabo: yadda tatsuniya ke gina mutum a cikin ƙagaggen labari

Tambaya: Wata ɗaliba daga unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana, ta aiko da babi huɗu na littafin da take rubutawa da Hausa. Labarin wani saurayi ne, autan gidansu, mai gyaran waya a Adum, wanda ya ƙudura sai ya haye teku zuwa Turai ta hanyar Libiya. Iyayensu sun rasu, yayarsa mai sayar da koko ce ta rene shi. A farkon kowane babi ta sa cikakkiyar tatsuniyar Gizo, don mai karatu ya gane cewa yaron nan Gizo ne. Waɗanda suka karanta sun ce tatsuniyoyin suna tsayar da labarin. Shi ne take tambaya ko ambaton tatsuniya yana gina mutumin cikin littafi da gaske, ko kuwa ado ne kawai, in kuma yana ginawa, ta yaya.

Amsa:

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na karanta abin da kika aiko, kuma waɗanda suka ce tatsuniyoyin suna tsayar da labarin gaskiya suka faɗa miki. Amma laifin ba na tatsuniya ba ne, na wurin da kika ajiye ta ne. Kin ɗora ta a ƙofar babi, ke marubuciya ke ce mai ba da ita, shi kuwa yaron bai ma san ana yi ba. Yana can Adum yana kwance wayar mutane, ke kina nan kina gaya mana wai shi Gizo ne. Tatsuniya ba ta fara gina mutum a littafi sai ta zama tasa: wani ya ba shi ita yana ƙarami, ta zauna masa a kai, yana auna kansa da ita, mutane suna jifansa da ita, wata rana kuma ta kai shi ta baro.

Ga misalin da kika sani tun kina sakandare. A littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, Okonkwo yakan tara 'ya'yansa maza ya ba su labaran yaƙi da zubar da jini. Ɗansa Nwoye yana zama ya saurara, har ya nuna kamar yana jin daɗi don uban ya yarda da shi, alhali zuciyarsa tana wurin tatsuniyoyin mahaifiyarsa, irin ta kunkuru da ta rigimar sama da ƙasa, wadda aka aiki ungulu ya je ya roƙo ruwa. Achebe ya nuna mana labarin da yaron yake so da wanda yake yi wa son ƙarya, ya bar mu mu gane sauran. Shi ya sa ranar da waƙar masu wa'azin Kirista ta taɓa Nwoye har ya bar gidan ubansa, mai karatu ba ya mamaki. Tun a gindin murhun uwarsa muka san inda zuciyarsa ta karkata.

Saboda haka abin da za ki fara tambayar kanki shi ne, wa ya ba yaronki tatsuniyar nan? A babi huɗun nan babu amsa. Kin san yadda gidajenmu na haya suke a Zango, tsakar gida ɗaya, ɗakuna zagaye, ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga mutumin Dagomba, ga na Mosi, duk Hausa ta haɗa su. In an ɗauke wuta da dare yara su taru, wata tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta. A wurinmu tatsuniya ta mata ce da yara, kuma ta dare ce. Namiji in ya fara tasawa yakan ji kunyar a gan shi a wurin. To kin ga saurayin da ya kai shekara ashirin da biyar, yana tsakiyar maza a bayan mota cikin Sahara, in tatsuniya ta faɗo masa a rai, ba za ta zo ita kaɗai ba. Za ta zo da muryar wadda ta ba shi, da ƙamshin zanenta, da kunyar cewa shi ƙato guda abin da ya tuna ke nan. In mahaifiyarsa ce ta ba shi kafin ta rasu, duk ambaton Gizo a littafin ya zama kewar uwa ba tare da kin rubuta kalmar kewa ba.

A cikin tatsuniyoyi huɗun da kika sa, guda ɗaya ce ta dace da shi, ita ce ta Gizo da hankaki. Gizo ya ga hankaki suna kawo ɓaure daga wata bishiya a tsakiyar ruwa, ya roƙe su, kowanne ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya liƙa ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya karɓe gashinsa, suka bar shi a kan bishiya. Ya faɗa ruwa, ya iske gidan kada, ya fashe da kuka ya ce shi ɗan'uwa ne da ya ɓata, aka karɓe shi, ya bi dare ya cinye ƙwai, ya tsere. Kin zaɓe ta da kyau, domin yaronki ma da gashin aro zai tashi: kuɗin adashin yayarsa, rancen kawunsa, wayar wani da aka kawo gyara ya sayar. Shi ma ruwa zai haye.

Amma kada ki ba mu ita cikakkiya, kuma kada ki ba mu ita daidai. Ki ba mu ita yadda shi ya tuna ta. Mutum ba ya riƙe tatsuniya gaba ɗaya, abin da ya yi masa daɗi yake riƙewa. Yaron nan tun yana ƙarami abin da ya burge shi shi ne Gizo ya tashi sama ba shi da fiffike, ya faɗa ruwa bai mutu ba, ya shiga gidan kada ya fito da ƙoshi. In yana ba abokansa ita a shago, nan yake tsayawa ya yi dariya. Wurin da hankaki suka tsige shi kuwa, tsallakewa yake yi, ba da gangan ba, ya manta ne. Mai karatu Bahaushe ya san wurin, zai ji an tsallake, zai kuma fara jin tsoro tun yaron bai bar Kumasi ba. Abin da ya manta ɗin nan ya fi duk wani bayani da za ki yi a kan halinsa. Sai can a Agadas ko Sabha, ranar da waɗanda suka ɗauke shi suka karɓe wayarsa da kuɗinsa da takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ragowar tatsuniyar ta dawo masa. Layi biyu sun isa a wurin.

Akwai wani abu game da Gizo da ya kamata marubuci ya riƙe. Gizo ba ya canzawa. Ba ya tuna abin da ya yi jiya, ba ya nadama, in an kama shi yau, gobe da dare za a sake farawa da shi sabo fil, da kwaɗayinsa da tsamin bakinsa. Ya cinye ƙwan kada ya gudu, an ce ƙurunƙus, babu mai komawa ya tambayi uwar ƙwan yadda ta kwana. Mutumin cikin ƙagaggen labari ba haka yake ba. Yana da jiya, kuma wanda ya cuta yana nan da ransa a babi na gaba. Mai wayar da aka sayar zai zo ƙofar gida ya yi wa yayar rashin mutunci a gaban masu sayen koko. In kika daidaita yaronki da Gizo tun daga farko har ƙarshe, kin samu tatsuniya mai tsawo, ba ki samu mutum ba. Inda za mu ga mutum shi ne daidai wurin da ya so ya zama Gizo abin ya ƙi, ya yi dabara ta ci amma barci ya gagare shi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a rubutunki, wanda ina ganin ke kanki ba ki lura da shi ba. Kowa a gidan yana kiran yaron Auta. Kin sa sunan ne don shi ne ƙarami, amma kin buɗe ƙofar wata tatsuniya da ta fi ta Gizo nauyi a labarin nan, wato ta Auta. Iyaye za su mutu, suka bar wa yarinya ƙanenta da wasiyya guda: kada ki bar Auta ya yi kuka. Ya ce zai ƙona rumbunan hatsin da aka bar musu, ta hana, ya buɗe baki zai yi kuka, ta ƙyale shi. Suka shiga duniya tana goye da shi, duk inda aka karɓe su sai ya yi ɓarnar da za ta sa su gudu, har tsuntsun da ya cece su bai tsira daga hannunsa ba. A ƙarshe shi ne ya kashe Dodon da ya hana gari sakat, sarki ya ɗaukaka shi.

Ki dubi yayar da kika rubuta. Tun asuba tana bakin hanya da tukunyar koko da ƙosai, masu neman aurenta sun gaji sun tafi, duk abin da ta tara yaron ya zo da wata sabuwar dabara ya karɓe. Me ya sa ba ta iya ce masa a'a? A rubutunki babu dalili sai cewa tana da kirki, kirki kuwa bai isa ya riƙe mutum har ƙarshen littafi ba. Amma a ce uwarsu tana ciwon ajali ta kama hannunta ta ce, ga Auta nan, kada ki bar shi ya yi kuka, da kalmomin tatsuniyar da ita uwar ta saba ba su. Wataƙila ma da ɗan murmushi ta faɗa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta ɗauka da gaske, ta rayu a kai. Tatsuniyar ta zama wasiyya, wasiyya ta zama sarƙa. Kuma ita ma tana da abin da ta riƙe a ciki, wato ƙarshen. Duk ɓarnar da ya yi tana gaya wa kanta cewa Autan tatsuniya ma ya ƙona rumbu kafin ya kashe Dodo. Da wannan take lallashin kanta ranar da ta kwashe adashinta ta ba shi. Maƙwabta kuwa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tana ji tana shiru.

Kin ga an samu mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa da tatsuniyar da yake rayuwa a cikinta. Shi yana ganin kansa Gizo mai tashi sama, ita tana ganinsa Auta mai kashe Dodo, ita kuma yayar da ba a ba ta komai ba sai goyo. A tatsuniyar, ɗaukakar ta Auta ce, wahalar ta yarinyar ce, kuma ba a cika tsayawa a kanta ba. Littafinki zai iya tsayawa a kanta. Ni a ganina ranar da matar nan za ta bar shi ya yi kuka, ya kira ta daga Libiya yana neman ƙarin kuɗi ta ce babu, ita ce rana mafi girma a littafin, kuma tatsuniyar ce za ta ba ranar nauyinta. Ki yi tunani sosai ko ba ita ce jarumar littafin ba.

Sai kuma abin da mu mutanen Zango muke da shi wanda marubucin Kano ko Sakkwato ba shi da shi. Yaronmu da gizo biyu yake tasowa. A gida akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. A makarantar boko da kasuwa, cikin Tonawa, wato mutanen Asante, akwai Kwaku Ananse da matarsa Aso da ɗansa Ntikuma. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Ananse ya je wurin Nyame, ubangijin sama a wurin Tonawa, ya sayi labaran duniya da mesa da damisa da rina, shi ya sa Tonawa ke kiran tatsuniya da sunansa. Ya tara hikimar duniya a tukunya zai hau bishiya ya ɓoye, ya ɗaure ta a gabansa ta hana shi hawa, sai ɗansa ƙarami ya ce ya mai da ita baya. Gizonmu kuwa duniyarsa ta fada ce da sarki da malam da kura, kuma yawanci cikinsa ne ke tura shi. To in abokan yaronki a Adum sun kira shi Ananse don ya iya ciniki, zai yi dariya ya buga ƙirji, domin a Tonanci aka faɗa, a fagen da yake neman a yarda da shi. In yayarsa ta ce masa Gizo a tsakar gida da Hausa, zai yi kwana biyu bai ci abincinta ba. Ƙwaro ɗaya ne, amma a wani bakin yabo ne, a wani zargi. Wannan kaɗai ya gaya mana shi ɗan gida biyu ne, ba sai kin rubuta shafi guda kina bayanin matsayin ɗan Zango a ƙasar Asante ba. In kin so ma ki sa a haife shi ran Laraba, a gida Balarabe, a waje Kwaku, sunan da Ananse kansa yake amsawa.

Kada wani ya ce miki tatsuniyar Hausa baƙuwa ce a ƙasar nan. Fataken goro sun daɗe suna zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga, da labaransu suka zo. Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan tatsuniyoyin Hausa, wanda aka buga a Ingila a 1913 da sunan wani Bature, Rattray, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami, kuma a ƙasar nan Rattray yake aiki lokacin. Shi Rattray ɗin ne kuma ya fitar da tatsuniyoyin Asante a 1930. Gizo da Ananse sun daɗe suna maƙwabtaka. Dattawan littafinki ma za ki iya ba su nasu abin tunawa. Kawun da ya ga korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busiya, in ya ba da labarin Bayajida, baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri sarauniyar Daura, ba tarihi kawai yake bayarwa ba, yana faɗin yadda yake so a ɗauki baƙo ne.

Magabatanmu a rubutu sun san ba a ɗaukar tatsuniya yadda take. Ruwan Bagaja asalinta tatsuniyar 'yar bora ce da aka tura wanki wani ruwa mai nisa, ladabinta ya kai ta ga arziki, 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta kwaso wahala. Da Abubakar Imam ya rubuta littafinsa mai wannan suna, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da aka yi a Zariya, sai ya ɗauki neman ruwan ya ba namiji, Alhaji Imam, wanda a hanya wayo yake gwadawa da Malam Zurƙe. Mai karatun da ya san tatsuniyar tun yana yaro yana riƙe da yarinya mai ladabi a ransa, yana kallon wannan mai dabara yana neman ruwa guda da ita. Bambancin nan yana cikin abin da ya ba Alhaji Imam kamanninsa.

Wani abu kuma da zai nuna canjin mutum shi ne canjin labarin da yake kamawa. Yaronki ya yi makarantar allo, ya ji ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, rijiya da bauta da kurkuku da haƙuri. Ƙissa ba tatsuniya ba ce, kuma shi kansa ya san haka, domin ita tatsuniya da bakinta take cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. In a ɗakin da aka tsare su a Libiya ya wayi gari Gizo ya daina zuwar masa, sai ayoyin Suratu Yusuf da ya hardace yana yaro, mai karatu zai san wani abu ya motsa a cikinsa. Ki kula kawai kada ki mai da wurin wa'azi, kada kuma ki sa ya zama waliyyi a dare ɗaya. Mutum yana iya kuka da ƙissar Yusuf da asuba, da azahar ya yi wa na kusa da shi wayon ruwan sha.

Game da yawan abin da za ki sa, ki tuna yadda ake dafa waakye. Karan dafi ake jefawa a tukunya ya ba shinkafa da wake launinsu, kafin a zuba wa mai saye kuma an tsame shi. Yawancin ambaton da ke aiki a littafi ƙanana ne: sunan da aka laƙaba wa mutum, rabin waƙar tatsuniya da mace ke yi tana dama koko, tsamin bakin Gizo da yaro ke kwaikwayo in zai roƙi kuɗi don a yi dariya a ba shi, sannan ranar da ya kwaikwaya babu wanda ya yi dariya. Kuma ki bar kowa ya yi da irin Hausarsa. Uwar da ta taso a hannun kakar da ta zo daga Arewa za ta ba da tatsuniya da tsohuwar Hausa, da kalmomin da yaran ba su san ma'anarsu ba sai a cikin waƙar. Shi kuwa in ya maimaita, da Hausar Aboabo zai yi, wadda ba ta cika raba namiji da mace ba, da Tonanci a tsakiya. Kada ki gyara masa.

Za ki ce to mai karatun da bai san tatsuniyar ba fa, tunda yaran yanzu waya ta fi kaka kusa da su. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma saboda ita nake cewa ki sa guda ɗaya cikakkiya a littafin, ta Auta. Amma kada ki ɗora ta a ƙofar babi, ki sa ta a bakin uwarsu, a wani dare da muka san ba ta da lafiya, yarinyar tana gyangyaɗi don gajiya, yaron yana katse ta yana tambaya ko Auta ya sha duka da ya ƙona rumbun. Ta Gizo da hankaki ki rarraba ta gutsure-gutsure a bakin yaron, yadda duk wanda bai san ta ba zai haɗa ta da kansa kafin a isa Sahara. Sauran ukun ki cire su. Kafin ki rubuta babin uwar, ki nemi tsofaffin mata biyu ko uku a Aboabo ko Asawase su ba ki tatsuniyar Auta da bakinsu. Za ki tarar ba su ba da ita iri ɗaya ba, wata za ta tausaya wa yarinyar, wata za ta yi ta dariyar ɓarnar yaron. Ki saurara ki zaɓi wadda uwar littafinki za ta bayar, sannan ki aiko mini da babin in gani.